Yadda ake jin daɗin kiɗan fank da gaurayen jaz: a fara daga gindi

Ranar da aka fara kunna mini "Chameleon" na Herbie Hancock, makaɗin fiyano ɗan Amurka, a waya aka kunna, muna zaune a teburin mai shayi, janareto na ta ruri a bayanmu. Na kasa kunne ina jiran kiɗa ya fara, ashe ya daɗe da farawa. Da na gaji na ce wa abokina, "Malam, wai yaushe mawaƙin zai shigo?" Ya ce babu mawaƙi. Na ce, "Minti 15 cur babu mai buɗe baki?" Ya yi dariya ya mayar da wayarsa aljihu. Sai bayan watanni na gane laifin ba na kiɗan ba ne. Sifikar wayar ta cinye rabinsa, ni kuma na zo da kunnen da ba shi ake zuwa da shi ba.

Kunnenmu a kan magana ya tashi. In Shata ko Ɗanƙwairo na waƙa, abin da muke tambaya shi ne "me ya ce?", kalangu ko kotso kuma suna rakiya. A kiɗan fank, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1960, da kuma gaurayen jaz, wanda ya biyo baya a ƙarshen shekarun lokacin da makaɗan jaz suka ɗauki kayan kiɗa na lantarki suka ari bugun fank da na rok, 'yan rakiyar ne suka zama masu gida. Tambayar da za ka riƙe ita ce: wa ke riƙe da gindin kiɗa, wa kuma aka saki yana yawo? In za ka nema a intanet, funk da jazz fusion ake rubutawa.

Mataki na farko: gyara abin da kake ji da shi

Kada ka fara da sifikar waya. Ƙanƙanuwa ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, kuma a can ƙasan ne jitar bas da babbar gangar ƙafa suke zaune. Nemi iyafis mai toshe kunne sosai, ko sifika mai ɗan jiki. Ba sai mai tsada ba, amma ka gwada kafin ka biya. Na taɓa sayen wani a wani shago, kunnen hagu kaɗai ke aiki da kyau, na yi mako biyu ina zaton wani faifai babu fiyano a cikinsa, alhali a dama aka ajiye shi. Yawancin faifan wancan zamani an raba kayan kiɗan tsakanin hagu da dama, don haka kunne biyu kake bukata.

Ka kuma sauke cikakken kiɗan, ba guntun da aka yanke don rediyo ba. Sannan ka zaɓi lokacin da ba mai aiken ka.

Mataki na biyu: nemo "ɗaya"

Nan ne mabuɗin yake, kada ka wuce sai ya zauna maka.

Kusan duk kiɗan fank a kan ƙirga huɗu yake tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma ɗaya. Kunna "Superstition" na Stevie Wonder, na 1972. Ganga kaɗai ke buɗe shi, kuma Stevie ne da kansa ya kaɗa ta. Ka riƙa buga ƙafa a ƙasa daidai da tafiyarsa. Za ka ji ƙaramar ganga mai kaifin amo tana faɗowa tas, a tsallake bugu ɗaya, ta sake faɗowa tas. Waɗannan su ne biyu da huɗu, wurin da mutane ke tafi. Bugun da ke zuwa kafin biyu shi ne ɗaya. Ƙirga da baki, da ƙarfi, kada ka ji kunya. Idan sautin nan mai kama da jita ya shigo (ba jita ba ce, wani ɗan fiyanon lantarki ne na kamfanin Hohner mai suna Clavinet), ci gaba da ƙirgarka, ka lura yadda yake tsalle-tsalle a tsakanin lambobin amma kullum ya dawo gida a kan ɗaya.

Me ya sa ɗaya? Kafin mawaƙi James Brown, nauyin kiɗan rawa na Amurka a kan biyu da huɗu yake. Shi ne ya matsa wa makaɗansa su sauke nauyin a kan bugun farko, kowa ya haɗu a nan, abin da ya rage na zagayen kuma kowa ya yi wasansa. An fara jin haka a "Papa's Got a Brand New Bag" na 1965, ya nuna sosai a "Cold Sweat" na 1967. To yanzu kunna "Cold Sweat". Zai ɗan ruɗe ka, domin mai ganga Clyde Stubblefield yakan jinkirta bugun huɗu da rabin taki, sai ka ji kamar ƙafarka ta taka rami. Kada ka bi shi. Riƙe ƙirgarka, ka jira ɗaya. Daɗin fank a wannan ɗan ramin yake: an janye maka ƙasa na ƙiftawar ido, an mayar maka.

Wani abin lura a "Cold Sweat": kiɗan kusan a wuri guda yake tsaye, ba ya hawa da sauka kamar waƙoƙin soyayya. Masu busa ba dogon zance suke yi ba, 'yan gajerun amshi suke jefawa. Mai jita Jimmy Nolen kuwa kamar kaza na tono yake karce tsirkiya. Kowa ya zama makaɗin ganga da abin da ke hannunsa, har muryar Brown ɗin.

Mataki na uku: kiɗa ɗaya, ji huɗu

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tara kiɗa 50 a waya, ya ji kowanne sau ɗaya, ya ce duk iri ɗaya ne. Ɗauki guda ɗaya gajere ka zauna a kansa. Wanda na fi ba mai farawa shi ne "Cissy Strut" na ƙungiyar The Meters ta birnin New Orleans, na 1969. Minti 3 ne, mutum huɗu ne kacal, babu waƙa, don haka babu inda wani zai ɓuya.

A ji na farko, bi bas kaɗai, wato George Porter Jr. A farkon kiɗan shi da mai jita Leo Nocentelli layi ɗaya suke bi, suna gangarowa tare kamar mutum da inuwarsa. Yi ƙoƙari ka rera layin da bakinka, dum-dum ɗinka ya isa. In ba ka iya rera shi ba, ba ka ji shi ba tukuna, maimaita.

A ji na biyu, bi mai ganga, Zigaboo Modeliste. Raba shi gida uku: ƙafa a babbar ganga, hannu ɗaya a ƙaramar ganga, ɗayan a kan faranti biyu na ƙarfe da ke kife da juna suna cewa cik-cik. Zaɓi farantan ka bi su su kaɗai na ɗan lokaci, sannan ka koma ƙafa. Za ka ga ba sa faɗowa inda kake tsammani. Tafiyarsa kamar ta mai ɗingishin gangan ce, ya san inda zai sa ƙafa, yana dai jan rai. Wannan salon daga kiɗan jerin gwano na titunan New Orleans ya samo asali, irin wanda jama'a ke bin bayan 'yan badujala suna rawa.

A ji na uku, bi wanda ba ka lura da shi ba sam. A nan Art Neville ne a kan ogan, wani ɗan'uwan fiyano mai dogon amo. Galibi kanzagi yake yi, yana cike 'yan gurabe, sai can a ba shi fage. Mai kanzagi a fank ba ƙaramin mutum ba ne. Da za a cire shi, da ka ji kiɗan ya zama miya ba gishiri, ko da ba ka san abin da aka cire ba.

A ji na huɗu, saki kowa, ka ji su tare. Yanzu ne za ka fara jin shirun da ke tsakaninsu. Wurin da bas ya yi shiru, ganga ce ta shiga, wurin da ganga ta ɗaga, jita ta cusa kai. Kamar mata uku ne a kan turmi ɗaya suna lugude: taɓarya ba ta karo da taɓarya, domin kowace ta san lokacin da za ta ɗaga.

Idan wannan ya zauna, yi wa kanka jarrabawa da "Funky Drummer" na James Brown, wanda ya fito a 1970. A cikakken faifan, can bayan minti 5, kowa ya yi shiru aka bar Stubblefield shi kaɗai na 'yan daƙiƙu. Tsakanin manyan bugun akwai wasu ƙanana kamar raɗa, sanda na ɗan taɓa fata kawai. In ka ji su, kunnenka ya buɗe. Masu kiɗan hip-hop sun yi ta yankar wannan guntu suna gina waƙoƙi a kansa, shi kuwa mai gangar, da yake ba a rubuta sunansa a matsayin mai kiɗan ba, bai ci moriyar kuɗin ba har ya rasu a 2017. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na ji guntun.

Mataki na huɗu: dogon kiɗa, yi masa taswira

Gaurayen jaz ya gaji gindin fank, ya kuma gaji ɗabi'ar jaz ta sakin mutum ya ƙirƙiri kiɗa nan take. Shi ya sa yake da tsawo. Mai farawa yakan ɓata a tsakiya, don haka ɗauki biro da takarda, duk inda wani abu ya canja ka rubuta minti da abin da ya faru.

Mu koma "Chameleon", daga faifan Head Hunters na 1973. Layin nan mai kauri da ke buɗe shi, wanda wayar abokina ta haɗiye, ba jitar bas ba ce. Hancock ne ya kaɗa shi a kan na'urar haɗa sauti, sintisaiza ƙirar ARP Odyssey. Yana hawa taki-taki, ya tsaya, ya sake hawa, tsakanin haɗin sauti biyu kacal. Rubuta lokacin da gangar Harvey Mason ta shigo. Rubuta lokacin da wasu ƙananan sautuka suka fara saƙa a sama. Rubuta shigowar saksofon ɗin Bennie Maupin da taken kiɗan. Daga nan Hancock zai shiga fage da sintisaiza, yana ta murɗa sauti har ya zama kamar kukan wani abu.

Sai kuma wajen tsakiya, gari ya canja. Layin farko ya ɓace, Paul Jackson ya karɓi gindi da jitar bas ta gaske, kiɗan ya yi sanyi, Hancock ya koma fiyanon lantarki na Fender Rhodes mai amo kamar ƙararrawa a cikin ruwa. A wurina nan ne zuciyar faifan, kuma nan ne guntun rediyo ba ya kaiwa. Saurari yadda Mason ke amsa wa fiyano: Hancock ya jefa magana, ganga ta cafe. Can ƙarshe a dawo layin farko, saksofon ya yi fagensa, sauti ya yi ta raguwa har ya ɓace.

In ka duba takardarka za ka ga layi shida ko bakwai. Ji na gaba ba za ka ɓata ba, kuma minti 15 ɗin za su zame maka gajeru.

Mataki na biyar: yadda ake bin mai fage

Idan aka saki mutum ɗaya yana ƙirƙira, kada ka nemi ka riƙe kowane sauti, ba zai yiwu ba. Abu uku za ka duba. Da me ya fara, ɗan gajeren zance ne ko ruwan sauti? Yana maimaita wani abu yana juya shi, ko kullum sabo yake kawowa? Sannan 'yan baya, sun ƙara wuta ko sun lafa masa? Gwanin fage kamar mai ba da labari ne a dandali, yakan fara a hankali, ya ja, ya yi shiru inda ake son ya yi magana. Wanda ya fara da gudu ya ƙare da gudu, yatsu gare shi, amma ba lalle yana da abin faɗa ba. Wannan cuta ta kama gaurayen jaz da yawa a ƙarshen shekarun 1970, kuma ba laifi ba ne ka ji faifai ka ce wannan nuna bajinta ce kawai.

Wata dabara: yayin da mai fage ke yawo, ci gaba da rera taken kiɗan a zuci. Gwada da "Spain" na Chick Corea, daga faifan Light as a Feather na ƙungiyarsa Return to Forever. Zagayen da ake yawo a kansa yana dawowa a kai a kai, in ka riƙe shi za ka ji inda mai sarewa ko fiyano ya yi nisa da gida da inda ya juyo.

Sai "Birdland" na Weather Report, daga faifan Heavy Weather na 1977, wanda Joe Zawinul, mutumin Ostiriya, ya tsara don tunawa da wani gidan kiɗan jaz na New York. A nan za a yi maka wasa da hankali. Sautin ƙasa da ke buɗewa na sintisaizar Zawinul ne, siririn sautin da ya biyo baya da take kuwa, wanda za ka rantse jita ce, bas ɗin Jaco Pastorius ne. Jaco ya cire 'yan ƙarafan da ke gindaye a wuyan bas ɗinsa, don haka yatsa na iya sulalewa daga sauti zuwa sauti ba tare da tsani ba. Wanda ya saba jin goge ko kukuma ya san wannan sulɓin, domin su ma babu ƙarafa a wuyansu.

Mataki na shida: in ƙirga huɗu ta ƙi

Wani lokaci za ka ƙirga huɗu ka ga ɗaya na guje maka. Ba kai ba ne, kiɗan ne ba a kan huɗu yake ba. Koyi da tsohon jaz ɗin nan "Take Five" na ƙungiyar Dave Brubeck, na 1959, mai ƙirga biyar: uku da biyu. In ya zauna, gwada "Vital Transformation" na Mahavishnu Orchestra, ƙungiyar John McLaughlin, daga faifansu na 1971, inda Billy Cobham ke zuba ƙirga tara da gudun tsiya. In ya fi ƙarfinka, ajiye shi, ka dawo bayan wata guda. Ni ma haka na yi.

Mataki na bakwai: bi sunayen makaɗa, ba sunan faifai kaɗai ba

Duk kiɗan da ya burge ka, nemo wa ya kaɗa me. Ta haka za ka samu na gaba, ba sai manhaja ta zaɓa maka ba. Misali mafi kyau shi ne faifan In a Silent Way na Miles Davis, mai busa kakakin Turawa, wanda aka ɗauka a rana ɗaya a watan Fabrairun 1969. Dubi waɗanda ke ɗakin: Hancock, Corea, Zawinul, McLaughlin, Wayne Shorter a saksofon, Dave Holland a bas, Tony Williams a ganga. Hancock ya je ya yi Head Hunters. Corea ya kafa Return to Forever. Zawinul da Shorter suka kafa Weather Report. McLaughlin ya kafa Mahavishnu. Williams ya kafa Lifetime. Kusan duk manyan gidajen gaurayen jaz daga wannan zaure suka fita. Shi kansa faifan a natse yake, kiɗa biyu ne dogaye, kuma mai haɗa shi Teo Macero ya yanka tef ya liƙa, har ya maimaita farkon kiɗa a ƙarshensa. In ka yi taswira irin ta mataki na huɗu, da kanka za ka kama ɗinkin.

Bin suna zai kuma nuna maka yadda mutum ɗaya ke canjawa. Hancock ya fara fitar da "Watermelon Man" a 1962, da fiyanon katako da kakakin Turawa, jaz tsantsa. A 1973 ya sake shi a Head Hunters, a hankali, da nauyin fank. Ji su a jere. Na biyun yana buɗewa da wata busa mai haɗe da murya: Bill Summers ne ke hura kwalba, yana kwaikwayon salon busar mutanen Ba-Benzele na dazuzzukan Afirka ta Tsakiya.

Zaren yakan biyo har Legas. Fela Kuti ya yi zama a Los Angeles a 1969, James Brown kuma ya zo Najeriya a 1970, makaɗansa suka je suka ga Fela yana wasa. Bayan ka sha "Cold Sweat", kunna "Water No Get Enemy" na 1975, ka yi masa ji huɗun nan. A ji na biyu, na mai ganga, ka tsaya a kan Tony Allen. Ba ya dirka ɗaya kamar mutanen Brown. Hannuwa da ƙafafu kowanne da nasa zance, bugun a warwatse kamar yayyafi, amma ƙafarka ba za ta rasa wurin sauka ba. Ƙirga huɗunka da baki har masu busa su gama takensu, ka ga sau nawa ya taɓa ɗaya da ƙarfi, sau nawa kuma ya bar maka ita ka cike da kanka.